Dattijon da Ya Ce Bai San Apollos Ba

An yi wani mutum a Jambutu, dattijon ikilisiya. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana nan da rai, kuma yana da 'ya'ya.

Mutumin nan ba ya shan giya, ba ya neman mata. Ya yi aikin gwamnati a Yola har ya yi ritaya, ba a taɓa kama shi da abin kowa ba. Ranar Lahadi yakan riga mai shara isa majami'a. In za a yi gini, simintinsa ne ke fara isowa. Ku riƙe wannan, ya 'yan'uwa. Labarin da zan ba ku ba na ɓarawo ba ne. Labarin mutumin kirki ne, irin wanda muke nuna wa yaranmu mu ce su bi sawunsa.

Abu ɗaya ya rasa. Ba shi da jinƙai.

Bai san ya rasa ba, domin yana ganin gyara yake yi. Yana da rijiyar burtsatse a ƙofar gidansa, matan unguwa suna ɗiba kyauta. Amma ranar da wata ta manta famfo a buɗe, sai ya sa kwaɗo ya kulle, unguwa duka ta kwana da ƙishi. In an zo roƙo, amsarsa ɗaya ce: "A bar su su koyi hankali." Haka yake ce wa matarsa in ta roƙa wa ɗansu. Haka yake cewa a taron dattawa. Mutane suna jin tsoronsa, shi kuma yana ɗauka girmamawa ce.

Asalinsa wani ƙauye ne a gindin duwatsu, a ƙasar Michika. Can mahaifiyarsa take, tsohuwa mai dogara sanda, kowa na kiran ta Kaka Kuve. Ya yi ya yi ta dawo Jimeta, ta ƙi. Ta ce zafin Yola na masu ƙarfi ne, kuma ba za ta bar kabarin mijinta da gonar kuɓewarta ba. Shi ne yake zuwa duk Kirsimeti. Da yake shi ya rufa wa majami'ar ƙauyen kwano, maganarsa ta fi ta fasto nauyi a can.

A ƙauyen akwai wani kafinta mai suna Apollos. Sa'ansa ne. Tare suka yi kiwon awaki, rana ɗaya aka yi musu baftisma a rafi ɗaya. Hannun Apollos yana da kyau, duk bencin da ke majami'ar shi ya ƙera. Amma in ranar kasuwa ta zo, ƙafarsa takan kai shi rumfar burukutu. Wata Kirsimeti ya shigo sujada yana tangaɗi, ya faɗa kan gangar mawaƙa. Yara suka yi dariya. Dattijon bai yi ba. Aka sa Apollos a horo.

Kun san yadda muke yi. Wanda aka sa a horo yakan koma bencin baya, kusa da ƙofa. Ba ya cin Jibin Ubangiji, ba ya waƙa a gaba, sai ya tuba dattawa sun maido shi. Horo magani ne. Ana sha ne don a warke, ba don a zauna a kai ba.

Apollos ya bar giya. Ya koma. Ya sake bari, wannan karon ya daɗe. Duk lokacin da dattawan ƙauye suka ce a maido shi, sai su buga waya Jimeta su ji ta bakin wanda ya rufa kwano. Amsa kuwa ba ta canjawa: "A bar shi tukuna ya koyi hankali." Shekaru suka wuce, Apollos yana zaune a bencin da ya ƙera da hannunsa.

Wata Kirsimeti, majami'a cike, ana tsakiyar waƙa, sai Kaka Kuve ta tashi daga layin gaba. Ta dogara sandarta, ta ratsa tsakiyar jama'a a hankali, ta je bencin baya ta zauna kusa da Apollos. Ɗanta yana kan dakalin dattawa yana kallo.

Da suka koma gida ya ce, "Mama, kin kunyata ni a gaban mutane."

Ta ce, "Gwiwata ke ciwo. Can ya fi kusa da ƙofa."

"Mama, mutumin nan yana cikin horo."

"Na sani. Da iska ta yaye jinkar ɗakina, kai ka aiko a gyara, Allah ya yi maka albarka. Shi kuwa shi ya hau." Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. "Ka sauko da shi daga horon nan, ɗana. Ya ji."

Bai sauko da shi ba. Bai iya fushi da mahaifiyarsa ba, sai ya ɗora fushin a kan Apollos. Daga ranar kuwa bencin baya ya zama wurin zaman Kaka Kuve.

Sai shekarar 2014 ta zo.

Ba sai na tuna muku ba. Ƙarshen damina ne, dawa ta yi tsawo, 'yan Boko Haram suka shiga Michika, ba a daɗe ba suka shiga Mubi. Kun ga mutane suna ƙetare gadar Jimeta da ƙunshi a ka, wasu da takalmi wari ɗaya. Gidan da ke kwana da mutum bakwai ya koma kwana da hamsin. Musulmi ya sauki Kirista, Kirista ya sauki Musulmi, ba wanda ya sami sararin tambaya.

Dattijon ma ya sauki mutane, kada a rage masa. Amma shi ya sami sararin tambaya. Duk wanda ya tsaya a ƙofarsa sai ya ce masa, "A wace ikilisiya kake? Kana cin jibi?" Wanda ya amsa daidai ya shiga. Wanda ya yi inda-inda aka nuna masa hanyar sansani.

Mahaifiyarsa fa? Waya ba ta shiga ƙauye. Amma wani da ya fito daga yankin ya ce masa ya ji an kwashe tsofaffin ƙauyen a babbar mota tare da iyalin fasto, an nufi Kamaru. Dattijon ya riƙe wannan. Ya ce wa kansa tana hannun mutanen kirki. Kullum safe yana addu'a Allah ya kawo masa labarinta. Addu'ar gaskiya ce, da hawaye.

A kwanakin nan tsoro ya cika gari. Ana cewa mutanen daji, 'yan Boko Haram ɗin, suna shigowa cikin 'yan gudun hijira. Kowace unguwa ta gitta gungume da tsofaffin tayoyi a bakin hanya, matasa suna tsaye da gora. Baƙuwar fuska in ta zo, sai a tambaye ta wurin wa ta zo. A kira mutumin. In ya ce, "Na san shi," shi ke nan, ya tafi da baƙonsa gida, duk abin da ya faru kuma shi za a tambaya. In ba a sami mai cewa haka ba, a miƙa baƙon gaba, wurin jami'an tsaro. Wanda aka miƙa gaba a lokacin, ba kowa ne ya dawo ba. Kowa ya san wannan. Dattijon ma ya sani.

Wata rana bayan la'asar wayarsa ta yi ƙara. Jauro Bobboyi ne, mai unguwa, Bafulatani mai sanyin magana. Ya ce akwai wani a bakin gungume yana kiran sunansa.

Dattijon ya sa hularsa ya fita. Ya tarar da taro. A tsakiya wani mutum yana zaune a ƙasa, ya jingina da taya. Gemu ya cika masa fuska. Ƙafafunsa sun kumbura sun tsage. Rigarsa ta yage a kafaɗu biyu, fatar wurin ta saluɓe, ƙuda na bi. Dattijon ya ga kafaɗun. Bai tambayi abin da ya ci su ba.

Tun daga nesa ya gane shi. Apollos ne.

Apollos ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ƙi. Ya yi murmushi, ya ce da yarensu, "Ɗan'uwa, na same ka. Ina da magana, amma ba ta bakin hanya ba ce. Kai ni gida a ba ni ruwa."

Ku da kuka fito daga ƙauye kun gane abin da ya faɗa. A wurinmu ba a faɗin magana mai nauyi a tsaye. Sai baƙo ya shiga, ya zauna, ya sha ruwa, sannan ya buɗe baki. Kuma a waɗannan kwanaki ba mai hankalin da zai faɗi inda mutane suke ɓoye a gaban fuskokin da bai sani ba.

Dattijon ya san duk wannan. To me ya ji? Ya ji mashayi yana neman wurin kwana. Ya ce a ransa, tsohuwar dabara ce. Ya tuna gangar da ta kife. Ya tuna sandar mahaifiyarsa tana ƙwanƙwasa daɓen majami'a har bencin baya. Ya dubi taron, ya ga wasu daga cikin mutanen Mubi da ya sauka a gidansa, waɗanda ya tace da hannunsa. In ya ce ya san wannan, dole ya shiga da shi ta ƙofa ɗaya, ya ci a tire ɗaya da masu cin jibi. Ko sau ɗaya bai zo masa a rai cewa Allah zai amsa addu'arsa ta bakin mutumin bencin baya ba.

Jauro ya ce, "Bappa Dattijo, ka san shi?"

Ya amsa da Hausa, yadda kowa zai ji: "Ban san shi ba."

Taron ya yi guna-guni. Jauro ya ɗaga hannu. "Duba shi da kyau, Bappa. Hanya tana canja fuskar mutum. Ya faɗi sunanka, ya faɗi sunan ƙauyenku."

"Wa bai san sunana a Jambutu ba?"

Jauro ya matso, ya rage murya. "In gidanka ne ya cika, ba komai. Ka ce ka san shi kawai. Ni zan kai shi zaurena ya kwana."

Kun ji, 'yan'uwa? An sauƙaƙa masa har ƙarshe. Ba a nemi ɗakinsa ba, ba a nemi tuwonsa ba. Kalma aka nema.

Ya ce, "Na riga na faɗa maka."

Ya juya. Bai yi nisa ba ya ji Apollos ya ɗaga murya a bayansa yana kiran, "Kaka Kuve! Kaka Kuve!" Dattijon ya ce a ransa, ga shi nan, zai sake fakewa da sunan uwata. Ya ƙara sauri. Ya ji ƙarar gora a jikin mutum, muryar ta yanke. Bai waiwaya ba.

Jauro ne ya tsaya a kan Apollos ya buɗe hannuwa, ya hana matasa ƙarasa shi, har wata mota ta zo aka jefa shi a baya.

Da ya shiga gida matarsa ta ce, "Wane ne?"

Ya ce, "Wani mahaukaci ne."

Ya wanke hannu ya ci tuwo. Shi ya bi da addu'ar yamma, shi ya zaɓi waƙa. Zuciyarsa ta ɗan taɓa shi, sai ya ba ta amsa. Ya ce ai za su yi masa tambayoyi su sake shi. Ya ce ai ba ƙarya na yi ba, wa ya san abin da mutum ya zama a daji? Daga ƙarshe ya faɗi abin da ya saba faɗa: a bar shi ya koyi hankali. Ya yi barcinsa.

Bayan 'yan makonni faston ƙauyen ya sami waya daga Kamaru ya kira. Suka gaisa, suka gode wa Allah. Dattijon ya ce a ba shi Mama. Fasto ya ce, "Dattijo, Kaka ba ta shiga motar ba. Tana gonar kuɓewa aka fara harbi. Direba ya ƙi jira. Ni na ɗauka tana wurinka."

Daga ranar tuwo ya daina wuce masa. Ya bi sansani, ya bi harabar majami'u inda mutane ke kwana a kan kwali, yana duba fuskokin tsofaffi. Wani tunani yana zuwa masa, yana kore shi.

Tunanin ya zo da ƙafarsa wata safiya. Wata mata ce, ramammiya, da goyo a baya da wani yaro a hannu. Kwanye ce, matar Apollos. Matar dattijon ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo ruwa. Kwanye ta sha, ta ba yaran, ta ajiye kofin. Sannan ta yi magana.

"Baba, mun same ku lafiya? Ina Apollos?"



Ta ce, "Ai nan ya ce mini zai zo."

Sai ta faɗa musu. Ranar da aka shiga ƙauye kowa ya gudu dutse. Apollos ya kai su sama, ya ƙirga fuskoki, ya ce bai ga Kaka ba. Ya sauka. Ya same ta kwance cikin kuɓewa, ya goya ta da zanin matarsa, ya hau da ita. Da aka ce mutanen daji sun fara bin duwatsu, masu ƙafa suka shirya tafiya Kamaru. Kaka da wasu tsofaffi biyu ba za su iya ba. Apollos ya ce ya san wani kogo can ciki, inda shi da abokan shansa suke ɓuya wa dattawan ikilisiya a da. Ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ya kai. Bai faɗa wa kowa wurin ba, har matarsa, don in an kama wani kada a matse shi ya nuna. Ya bar musu tulun ruwa da garin da ya rage da ɗanyar gyaɗa. Ya ce zai je Jimeta wurin ɗanta, mai mota da sanin manya, su zo ta bayan dutse da maza masu ƙarfi a sauko da su.

"Kaka ta ce a gaya maka kada ka damu, ba ta jin tsoro. Sai dai ka zo mata da maganin gwiwa." Kwanye ta dubi fuskarsa, ta dubi ta matarsa. "Bai iso ba ne?"

Matar dattijon ta juyo a hankali. Ta ce, "Ranar da Jauro ya kira ka. Ka ce mini wani mahaukaci ne."

Ya 'yan'uwa, tulu ɗaya kwana nawa yake kai tsofaffi uku?

Ya fita ba hula. Ya je wurin Jauro. Jauro ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Bappa, na sake tambayar ka a ranar." Ya sa takalmi ya raka shi.

Suka bi ofis-ofis. Duk ƙofar da suka ƙwanƙwasa, tambaya ɗaya ce: "Mene ne haɗinka da shi?" Dattijon ya ce ɗan'uwansa ne, tare aka yi musu baftisma, ya san shi tun suna yara. Wani jami'i ya dube shi ya ce, "To ai wanda aka kawo daga Jambutu, an ce ba wanda ya san shi." Wani ya ce an wuce da su wani gari. A garin aka ce ba su zo ba. Manyan da ya sani suka ce za su duba, daga baya suka daina ɗaukar wayarsa. Ba a sake ganin Apollos ba.

Ya nemi masu raka shi dutse tun a lokacin. Ba wanda ya yarda, hanya tana hannun mutanen daji, kuma ko an je, ina za a nufa? Ya nemi abokan shan Apollos. Ɗaya an kashe shi a ƙauye, ɗaya ya tsufa ya makance tun kafin rikici, kwatancensa bai kai kowa ko'ina ba. Sai da aka ƙwato yankin ya ɗauki maharba suka hau. Wanda ya san duwatsun nan ya san kogunansu ba su ƙirguwa. Suka shiga waɗanda suka iya. Suka sami tukwane, suka sami takalma, a wani wurin suka sami ƙasusuwan da ba su san na wa ba ne. Ba su sami sandar Kaka Kuve ba. Ya koma a rani, ya sake komawa. Ya sayar da motar, ya sayar da filinsa na Sangere, duk a hawan dutse. Tsohuwar da ta ƙi barin kabarin mijinta ba ta sami kabari ba.

Ikilisiya ba ta sa shi a horo ba. Ku lura da wannan. Fasto ya je gidansa, dattawa suka je. Suka ce masa zunubin babba ne, amma jinin Almasihu ya fi shi girma, ya tuba ya karɓi gafara. Ya girgiza kai. Ya ce, "Wanda ya yi abin da na yi ba a yafe masa." Me kuke tsammani zai ce? Shekara da shekaru yana auna wa mutane da wannan mudu. Da nasa lokacin ya zo, ba shi da wani mudun a gida. Jinƙan da bai taɓa yarda a yi wa wani ba, bai iya yarda an yi masa ba.

Ranar wata Lahadi ya shigo majami'a, ya wuce dakalin dattawa ya zauna a bencin baya. Ba wanda ya aike shi. Bayan wani lokaci ya daina zuwa gaba ɗaya. Magana ta fara kuɓuce masa. Matarsa ta jure iyakar jurewarta, 'ya'yan suka kai shi asibiti, suka kulle ƙofa, yana haura katanga.

Yau in kun je tashar Jambutu da safe za ku gan shi. Tsoho ne dogo, rigarsa a wanke, domin har yanzu ana kula da shi. Yana tsayawa inda motocin arewa ke sauke fasinja. Duk wanda ya sauko da ƙunshi, sai ya tare shi, ya kama hannunsa, ya juya ga 'yan kamasho ya ce, "Na san shi. Wannan na san shi." 'Yan kamasho sun saba. Sukan ce, "To Baba, mun ji, a bar shi ya wuce." Sai ya saki hannun, ya jira mota ta gaba.

Kalmar da aka roƙe shi sau ɗaya ya hana, yanzu yana rabon ta tun safe har yamma ga mutanen da ba su da bukata.

A bakin tashar akwai mata masu suyar ƙosai. Ɗaya daga cikinsu Kwanye ce. Ba ta koma ƙauye ba, da kaskon nan ta reni 'ya'yan Apollos. In rana ta yi zafi, tsohon ya fara layi, takan bar kaskon, ta ɗebo ruwa a randa, ta kama hannunsa ta zaunar da shi a bencinta. Ta ce, "Baba, zauna ka sha ruwa tukuna." Wata maƙwabciyarta ta taɓa ce mata, "Ke kuwa Maman yara, wannan mutumin?" Ta ce, "Ƙishi yake ji." Ta koma ta juya ƙosanta.

Ban ce muku ta daina jin zafi ba. Ban ce ta manta ba. Na ce tana ba shi ruwa.

Ya 'yan'uwa, kada wani ya fita daga nan yana cewa Allah ya kama mugu. Na faɗa muku tun farko, mutumin nan ya fi yawancinmu tsabta. Kada kuma wani ya ce darasin shi ne mu yi wa mutane kirki don wataƙila suna ɗauke da labarin da zai amfane mu. Wannan ciniki ne. Da Apollos ba ya ɗauke da komai sai yunwarsa da tsagaggun ƙafafunsa, da zunubin yana nan yadda yake.

Kuma kada ku ce a bakin gungume ya faɗi. A can aka ga faɗuwar. Ya fara ta ne a bakin famfo, ranar da ya ɗauki kwaɗo. Ya ci gaba da ita a waya, duk ranar da aka ce a maido Apollos ya ce tukuna. Zuciya ba ta taurarewa rana ɗaya. Kullum ana ƙara mata kaɗan, a kan abin da bai kai a kira shi zunubi ba, har ranar da ran mutum zai rataya a bakinka, ka buɗe bakin, abin da ka saba faɗa ya fito.

An ɗauke gungumen daga hanyoyinmu. Amma wa ke zaune a bencin baya na gidanka? Wace 'yar'uwa ce ta yi kuskure tun shekarun baya, har yau in ta shigo zumuntar mata sai hira ta mutu? Wane yaro ne ka kora daga shago, ya dawo ya durƙusa, ka ce sai ya ƙara jin jiki? Wa ya gaishe ka a kasuwar Jimeta ka ɗauke kai, don kada a gan ku tare? Ban ce a daina horo ba. Na ce wanda ya sa mutum a bencin baya, shi ya kamata ya fi kowa ƙosawa ya ga ya taso.

Ubangijinmu Yesu bai tambaye mu ko muna cin jibi ba kafin ya hau gicciye. Ya same mu a ƙasa, da ƙafafu a tsage, ya tsaya mana. Rana tana zuwa da kowannenmu zai isa wata ƙofa, baƙo, ba hula, ba muƙami, ba simintin da ya kawo. Za a tambaya ko akwai wanda ya san shi. Mutum ɗaya ne zai iya amsawa. Da wace fuska za mu dube shi, in mun juya wa nasa baya a bakin hanya?

Saboda haka yau, kafin tuwon dare, ka je wurin wanda ka bari ya koyi hankali. Ya koya. Ka kira sunansa a gaban mutane. Ka ba shi wurin zama, ka ba shi ruwa, ka ji abin da ya zo da shi.

Mu yi addu'a.

Ya Uba mai jinƙai, ka tuna da Kaka Kuve da tsofaffin nan biyu, kai ka san kogon. Ka tuna da Apollos a inda yake, kai ka san shi. Ka ƙarfafa hannun Kwanye. Tsohon nan na tasha, ka kai masa gafarar da ya kasa karɓa daga bakinmu. Mu kuma ka cire kwaɗon daga zukatanmu tun muna da sauran hankali, kada mu ga ɗan'uwa a ƙasa mu ce ba mu san shi ba. Cikin sunan Yesu Almasihu.

Allah ya kiyaye mu da taurin zuciyar da ke kama da adalci. Amin.